Tambaya da Amsa: Wai mece ce kishiyar hesitate a Turanci?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kamar an haɗa baki, kusan rabinsu a kan kalma ɗaya suke zagaye, ina jin don JAMB ta matso ne yara duk sun duƙufa a kan tsofaffin tambayoyi, ga kuma masu neman aiki da suke ta cike fom. To sai na ware su gefe guda nace bari mu yi musu zama ɗaya. Waɗanda na rage wa tsawon saƙo su yi haƙuri, fili ne ya yi kaɗan.

TAMBAYA: Salam Malam ina wuni ya aiki ya iyali. Dan Allah ni ɗaliba ce ina shirin JAMB karo na biyu kenan, a lesin ɗinmu an bamu wata tambaya wai mu zaɓi kishiyar kalmar da aka ja wa layi, jimlar ita ce "The chairman was hesitant when the matter came up" sai aka jero reluctant, hasty, decisive da careful, ni kuma na ɗauki hasty tunda naga ai mai jinkiri kishiyarsa mai sauri ne, amma malamin yace wai decisive ce kuma bai samu yayi mana bayani ba lokaci ya ƙure, wallahi abun ya tsaya min a rai har yanzu, a taimaka min. Daga ɗaliba a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikis salam ɗiyata, Allah ya ba da sa'a wannan karon. Malaminku ya yi gaskiya, decisive ce amsar. Amma kar ki ga kamar kin yi shirme, inda kika zame nan mafi yawan yaranmu suke zamewa, kuma ba daga ku ba ne, tun kuna ƙananan aji aka ce muku hesitate na nufin jinkiri kuka haddace shikenan. Alhali jinkiri ɗan ɓangare ne kawai na abin. In jirgin ƙasa bai tashi daga Rigasa a kan lokaci ba an yi jinkiri, amma ba mai cewa jirgin ya yi hesitate, wannan delay sunansa. Hesitate a zuciya yake faruwa, shi ne ɗari-ɗari, noƙewa, wasi-wasi, mutum ya miƙa hannu ya janye, in yi ne ko kar in yi.

Ki je bakin titin baifas da yamma lokacin da tireloli suke ta zuba ki tsaya ki kalli masu tsallakawa. Za ki ga wani ya sa ƙafa ɗaya a kwalta ya mayar, ya sake sawa ya sake mayarwa, hanya ta buɗe har sau biyu bai wuce ba sai wani ya zo ya kama masa hannu. Wannan shi ne hesitant. Sai kiga wata baiwar Allah da goyo a baya da leda a hannu, ta duba dama ta duba hagu ta auna nisan tirelar da ido, taga da sarari, ta taka ta wuce ko waiwaye babu. Wannan ita ce decisive. Can kuma sai ga yaro ya taho a guje ko dubawa bai yi ba ya faɗa titi, mai keke ya danna birki ji kike ƙiii kowa na salati. Wannan shi ne hasty, in abin ya yi muni a ce rash ko reckless. Kinga da matar da yaron duk ba su tsaya ba, amma ita ta yanke shawara ne, shi kuma ko shawarar ma bai yi ba. Ciwon mutumin farko kasa yankewa ne, don haka matar ce kishiyarsa.

Asalin kalmar ma ya nuna haka. Daga Latin aka aro ta, daga haesitare, wato maƙalewa ko mannewa a wuri, tushensu ɗaya da adhesive, gam ɗin nan da ake liƙa abu dashi. Decide kuma daga wata kalmar Latin ta fito mai ma'anar yankewa, kuma abin da yake burge ni shi ne mu ma yanke shawara muke cewa, yanke hukunci, kamar tare aka zauna aka tsara. Resolve da resolute kuwa tushensu kwancewa ne, warware ƙulli. In kin riƙe wannan hoton na wanda ya maƙale da wanda ya yanke ko ya kwance, da wuya ki sake ruɗewa.

Sannan ki lura da yadda aka ɗana muku tarkon. Reluctant an sa ta ne don wanda ya manta ko kishiya aka tambaya ko makusanciya, kuma wallahi ana asarar maki da yawa a nan, yaro ya san amsa sarai amma bai karanta umarnin da ke sama ba. Careful kuwa kishiyar hasty ce, su biyun abokan faɗan juna ne ba ruwansu da kalmar da aka ja wa layi. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, 60 daga ciki na Turanci, in kika raba kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu, to ba lokacin dogon nazari, dole tun a gida ki saba da yi wa kanki tambaya ɗaya tak: me ya sa mutumin cikin jimlar ya noƙe?

Don amsar wannan tambayar ita ke zaɓa miki kalma. In kokwanto ne ya riƙe shi bai san wanne zai ɗauka ba, kishiyar decisive ce, ko resolute, ko determined, ko kawai sure da certain. In tsoro ne, sai ki nemi bold, confident, fearless, ko unflinching wato wanda ko gezau. In kuma ransa ne ba ya so, yana jan ƙafa kamar yaron da aka aika ana tsakiyar kallon ƙwallo, to willing, eager, ready da keen su ne naki. In maganar lokaci ce kawai, prompt ko immediate. Turanci ba shi da kalma guda da za ta rufe duk waɗannan ramukan, kuma mu ma ba mu da ita, ai ba ɗaya ba ne a ce mutum ya tsaya kai da fata, da a ce ya yi ta maza, da a ce jikinsa na rawa ya tafi.

Abu na ƙarshe, ki kula da rukunin kalma, ko aikatau ce ko sifa ko suna, musamman a WAEC inda ake so kishiyar ta cike gurbi a cikin jimla. Hesitate aikatau ce, dole kishiyarta ta zama aikatau irin su decide, act, proceed, go ahead, commit. Hesitant sifa ce sai sifa. Hesitation suna ne, nan kuma sai decisiveness, resolve, readiness, confidence. Wani lokaci da wannan kaɗai za ki iya zubar da wani zaɓi kafin ma ki fara tunanin ma'ana.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Na gama Kadpoly na yi bautar ƙasa yanzu shekara biyu ina neman aiki, ina gyara CV ne ina so in nuna ni ba mai jan jiki bane wajen aiki, na duba a waya ta kawo min kalmomi da yawa impulsive, decisive, rash, prompt, impetuous, spontaneous, ni kuma impetuous tafi yi min daɗi a baki, shin in sa ta? Daga ƙaninka a Kakuri.

AMSA: Ƙanena na roƙe ka kar ka sa ta. Gara da ka tambaya kafin ka tura. Rabin kalmomin da wayarka ta jero maka zagi ne a wajen mai ɗaukar aiki. Impetuous da impulsive na nufin mai garaje, wanda abin da zuciyarsa ta raya masa shi zai yi nan take, rash ganganci ne, hasty gaggawa, reckless kuwa ƙundumbala ce irin ta wanda bai damu da abin da zai biyo baya ba. Akwai ma precipitate, wadda tushenta faɗawa da ka, kamar wanda ya tunkuyi rami. Spontaneous ba zagi ba ce amma ba ta da wurin zama a takardar neman aiki, ta fi dacewa da mai raha ko abin da ya zo ba shiri.

Ba zan manta da wani tsohon ɗalibina ba, yaro mai hankali da ƙwazo, ya tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar da wata ambulan duk ta yi laushi saboda yawo, yace Malam duba min ko akwai abin da nake yi ba daidai ba, wuri uku na kai ba wanda ya kira ni. Na buɗe a tsaye a wajen, layi na uku ya rubuta "I am rash in carrying out my duties". Nufinsa shi mai zafin nama ne. Abin da manaja zai karanta kuwa shi ne ni mai ganganci ne a aikina. Ba zan ce wannan layin kaɗai ya hana shi aiki ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don yaron bai yi ƙarya ba bai yi lalaci ba, ya buɗe littafi ya nemi kalma, ba a dai taɓa gaya masa cewa kalmomin da aka jera wuri ɗaya maƙwabta ne kawai ba. A kan benci muka zauna muka gyara da biro.

Irin jerin da kake gani a waya ya samo asali ne daga aikin wani likita ɗan Ingila, Peter Mark Roget, wanda ya fitar da littafinsa na tarin kalmomi a 1852, ya tara masu kusancin ma'ana wuri guda ya ajiye kishiyoyinsu a gefe. Amfaninsa ya tuna maka kalmar da ka riga ka sani. Wadda ba ka sani ba sai ka bi ta zuwa ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's, za ka ga a gaban wasu kalmomin an rubuta disapproving, wato ta suka ce, wasu kuma approving, ta yabo. Minti ɗaya zai ɗauke ka.

Kuma ka sani aiki ɗaya yana iya samun suna biyu, ya danganta da bakin da ya faɗa. Ɗauki marigayi Janar Murtala, wanda ga dandali nan da sunansa a tsakiyar garin nan na Kaduna. Ya hau mulki ƙarshen Yulin 1975 aka kashe shi 13 ga Fabrairun 1976, wata shida da 'yan kwanaki, a ciki ya mayar da jihohi 12 zuwa 19, ya yanke cewa babban birni zai bar Legas ya koma inda Abuja take yanzu, ya kuma sallami ma'aikatan gwamnati sama da 10,000, har "with immediate effect" ta zama kamar take a zamaninsa. Masu ƙaunarsa in suna rubutu decisive suke cewa. Waɗanda korar ta shafi iyayensu ba tare da an saurare su ba hasty suke cewa, wasu ma rash. Duk sun yarda bai yi ɗari-ɗari ba, a hukuncin da suka yi wa abin suka rabu.

To kai a takardarka ka sa decisive in aikin na jagoranci ne, prompt in na kai-kawo ne da cika alƙawari a kan lokaci, proactive in kana nufin ba ka jira sai an ce maka yi. Amma abin da ya fi duka, ka ba da misali ɗaya na gaske na abin da ka taɓa yi, don a intabiyu shi za su tambaye ka.

TAMBAYA: Malam ni tela ce, wata kwastoma ta haɗa ni da masu sayar da keken ɗinki sun turo min saƙo a ƙarshe suka ce "please do not hesitate to contact us", shin suna nufin in yi sauri ne kar kaya su ƙare? Daga Hajiya a Kasuwar Barci.

AMSA: A'a Hajiya, kwantar da hankalinki ba wanda yake kora ki. Wannan ladabin rufe wasiƙa ne kawai na 'yan ofis, kamar mu ce kar ki ji nauyin komai, in da abin da ya shige miki duhu ki neme mu. In an so a faɗe shi a sauƙaƙe sai a ce "feel free to contact us", ma'ana ɗaya ce. In sauri suke so za ki ga urgent ko as soon as possible, ko su sa miki rana. Ki duba kekenki a tsanake ki taya yadda kika saba.

TAMBAYA: Malam ina bin filinka kullum. Ni dattijo ne na yi ritaya daga aikin reluwe. Jikana ya zo min da wani karin maganar Turawa wai "he who hesitates is lost", nace masa mu abin da muka gada shi ne gaggawa aikin shaiɗan. Shin ba irin wannan ne yake sa yaran yanzu rawar kai ba? Daga Unguwar Shanu.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na gode da wannan tambayar. Ni a ganina ba a nan matsalar take ba, don Turawan da suka faɗi wancan su ne kuma suka ce "look before you leap", wato duba kafin ka yi tsalle. Mu ma Baba ai baki biyu gare mu a kan wannan. Mun ce gaggawa aikin shaiɗan, sauri ya haifi nawa, sannu ba ta hana zuwa, wani jinkirin ma alheri ne. Mu ne kuma muka ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ba saɓani a ciki, kowanne da lokacinsa.

Abin da nake so jikan naka ya gane shi ne Turanci ya raba tsakanin tsayawar da ake yabo da wadda ake zargi. Deliberate, cautious, prudent, waɗannan na mai natsuwa ne, wanda ya tsaya don ya auna. Hesitate tana tsakiya, wani lokaci ba laifi ba ce. Amma dither, waver da vacillate na wanda ya gama aunawa ne ya rasa ƙarfin zuciyar ɗauka, yau ya ce e gobe ya ce a'a, sai procrastinate wadda a cikinta akwai kalmar Latin mai nufin gobe, wato ɗan sai gobe. Kalmar da ta fi kusa da tarbiyyar da kuka ba mu ita ce resolute, kuma in ana neman fassararta ba a wuce azama ba. A Suratu Ali Imrana aya ta 159 an umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya yi shawara da sahabbansa, sannan aka ce idan ka yi azama to ka dogara ga Allah. Shawara a gaba, azama a baya. Haka muka ga iyayenmu suna yi a maganar aure ko sayen gida, a yi istihara a tuntuɓi manya, amma ranar da aka tsayar da magana an tsayar kenan. Wanda ya yi haka Bature zai kira shi resolute, ba zai taɓa ce masa hasty ba. Ka gaya wa jikan naka ya riƙe karin maganarsa, amma ya haɗa da ɗan'uwansa.

TAMBAYA: Salam Malam, ina aiki a ƙaramin asibiti ɓangaren rigakafi, a rahoton wata-wata kullum muna rubuta vaccine hesitancy, yanzu a unguwar da nake alhamdulillah mata sun fara fitowa sosai ina so in rubuta akasin haka amma na rasa kalma, vaccine decisiveness naga kamar bata zauna ba. Daga ma'aikaciyar lafiya a Rigasa.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka. Kunnenki ya gaya miki gaskiya, ba ta zauna ba. A fanninku kalmomi uku ake amfani dasu kuma kowacce da abin da take aunawa. Acceptance ita ce karɓa, uwa ta yarda a yi wa ɗanta. Confidence ita ce amincewa, ta yarda a ranta cewa allurar ba cuta a ciki kuma ku masu yin ba za ku cuce ta ba. Uptake kuwa lissafi ne, yara nawa aka yi wa a cikin waɗanda ya kamata a yi wa. Ki kula da wannan bambancin don yana da amfani ga aikinku, ana iya samun unguwar da mata duk sun yarda amma uptake ya yi ƙasa, saboda asibiti ya yi nisa ko kuɗin keke ya gagara ko sun zo an ce allura ta ƙare, in kika rubuta hesitancy a irin wannan kin ɗora wa iyaye laifin da ba nasu ba. Haka nan uwar da take ɗari-ɗari daban take da wadda ta rufe ƙofa ta ce sam, wannan refusal ne. Mai ɗari-ɗari tambaya gare ta da ba a amsa mata ba, ko kuma maigida ne bai ba da izini ba tukuna.

Ba ƙaramar kalma kike riƙe da ita ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ɗari-ɗarin cikin manyan barazana 10 ga lafiyar duniya, mu kuma nan Arewa mun san zafinsa tun 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohi, aka sha wahala kafin amana ta dawo, sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Don haka in mata sun fara fitowa a unguwarku ki rubuta "vaccine acceptance has improved", in kuma kina da alƙaluma a rajista ki ce "uptake has increased" ki sa adadin.

TAMBAYA: Malam dan Allah a katin sakamakon yarinyata malamarsu ta rubuta "brilliant but hesitant in class", tana SS1, ni dai na san a gida ba ta da matsala surutu ma take da ƙannenta, me ake so ta zama kenan? Daga Maman 'yan biyu, Unguwar Dosa.

AMSA: Maman 'yan biyu ki fara da godiya ga Allah, don kalmar farko brilliant ce, yarinyarki na da kai. Abin da malamar take nufi shi ne in an yi tambaya ba ta ɗaga hannu, ko in an tashe ta sai ta yi ta inda-inda alhali ta san amsar. A nan kishiyar ita ce confident, in maganar zubar zance ce ba tangarɗa sai a ce fluent ko articulate, in kuma ana so ta riƙa faɗin ra'ayinta ba tsoro assertive. Kar a haɗa da in'ina, wannan stammer ne, halitta ce kuma hanyar taimakonta daban.

Wannan abin yana taɓa ni sosai don na daɗe ina ganinsa a aji. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu, musamman mata, su sunkuyar da kai gaban babba, kar su riga shi magana, kar su haɗa ido dashi, kuma tarbiyya ce mai kyau ban ce a yar ba. Sai yarinya ta shiga aji inda ake auna ta da saurin ɗaga hannu, kunyarta ta koma kamar rashin sani. Ga kuma tsoron dariya, na sha ganin yarinyar da ta fi kowa rubutu ta yi shiru shekara guda cur saboda ranar farko ta ce fiful a maimakon people aji ya fashe da dariya. Ba a so ta zama forward, wannan rawar kai ce da shisshigi, ba kuma aggressive ba. Ana so ne in ta san abu ta faɗa da muryar da za a ji daga bayan aji. Ki sa ta riƙa karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi bayan magariba, ko minti goma ne, ko da ke ba kya jin duk abin da take karantawa, kuma ki hana ƙannen yi mata dariya in ta yi tuntuɓe. In kin samu hali ki je ki ga malamar ki roƙe ta ta riƙa fara jefa mata tambayoyin da ta tabbata ta sani.

TAMBAYA: Oga Malam ni bakanike ne, ina kallon bidiyon gyaran mota a waya suna yawan cewa engine hesitation, na gane shine ka taka totur mota ta ɗan noƙe kafin ta ɗauka, to in ta warke me zan ce wa kwastoma da Turanci? Daga Panteka.

AMSA: Ka gane shi daidai maigida, har ka fassara shi fiye da yadda zan yi. A nan ba ruwanka da decisive ko bold, mota ba ta da zuciyar da za ta yanke shawara. Kalmar ita ce responsive, wato tana amsawa da an taɓa ta. Ka ce "the engine is responsive now" ko "it accelerates smoothly". Maganar ko fulogi ne ko filtar mai ko nozul kuwa wannan kai za ka koya min.

TAMBAYA: Malam ba za a iya cewa unhesitate ko dishesitate ba kawai a huta? Kuma ya ake furta ta? Daga ɗalibi a KASU.

AMSA: Babu unhesitate babu dishesitate ɗana, kar ka rubuta su. Amma akwai unhesitating da unhesitatingly, Turanci ne mai kyau, sai dai sun fi zama a rubutu. A magana without hesitation ake cewa, ko readily, ko straight away, daidai da namu na bai yi wata-wata ba. In mutum ya daɗe yana shakka sannan ya rufe ido ya afka, kamar wanda ya ajiye aikin albashi ya buɗe shago, shi ne "he took the plunge", mu ce ya yi kukan kura. Akwai kuma alacrity da masu shirya jarrabawa suke so, with alacrity na nufin da hanzari da jin daɗi, jiki na rawa.

Furuci kuma, h ɗin farko ana faɗinta, ba kamar ta hour da honest ba, s ɗin kuma z take zama, ƙarfin a gaɓar farko, HE-zi-teit. Decisive kuwa di-SAI-siv, ƙarfin a tsakiya, kuma a nan s take ba z ba, ko da yake a decision sautin ya canza. Ka faɗe su da ƙarfi sau biyar-biyar yau kafin ka kwanta.

Masu tambaya a kan bambancin borrow da lend, na ga saƙonninku sun kai shida, da su za mu buɗe a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.